Bazarar da Baba Ya Binne Irinmu

Shekaranjiya da la'asar aka yi wani ɗan yayyafi a nan Tambuwal, wanda ko zanen da na shanya bai jiƙa ba. Jikokina suka fita tsakar gida suna tsalle suna ihun ruwa ya zo, uwarsu tana ta jera robobi a ƙarƙashin indararo sai ka ce gulbi za ta tara. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Ya kamata a ce na wuce tsoron yayyafi, tunda rabona da gona an daɗe, irin shuka ma yanzu a leda ake sayo shi a kasuwa a ɗauro a bayan babur. Amma duk bazarar da ƙanshin ƙasa ya tashi, ruwan kuma ya ɗauke nan take, sai in tsinci kaina a ƙauyenmu na wajen Kebbe, shekarar da surukina ya binne mana iri.

Ba a daɗe da karɓar mulkin kai ba a lokacin. Mu dai a bakin masu dawowa daga kasuwa muka ji, wai Turawa sun tattara, Gwamnatin Arewa ta koma hannun namu. Inna, uwar mijina, ta tambaya ko mulkin kan yana zuwa da hatsi. Da aka ce mata a'a, sai ta ce to a gaishe shi. Tana da dalilinta. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke mana gero yana tsakiyar bununi, abin da muka girba ko rabin rumbu bai kai ba. Ana gama kaka maigidana ya tafi cin rani Kurmi, don a rage baki ɗaya, ya kuma samo abin da Allah ya nufa. Gida ya rage daga Baba, mahaifinsa, sai Inna mai ciwon gwiwa, sai ni da 'ya'yana mata biyu, ƙaramar tana goye.

Zafin bazarar nan ban sake ganin irinsa ba, ko kuwa yunwa ce ta ƙara masa nauyi, ban sani ba. Tun hantsi ƙasa take cin tafin ƙafa. Kaji su buɗe baki su kwanta gindin randa, ko korarsu ka yi ba sa tashi. Da kiran sallar asuba nake ɗaukar tulu don in riga mata isa rijiya, saboda wadda ta makara laka za ta jawo. Mun yi ta ƙara wa guga igiya har igiyar ta ƙare, muka koma ƙullawa da tsumma. In na dawo in dama abin da ya samu, in goya yarinya, in bi Baba gona. Kulle a lokacin na matan manyan malamai ne da na masu hali, mu gona ta san ƙafarmu.

Sharar gona muke yi. Mu tattara karan bara da ƙaya tsibi-tsibi mu cinna wuta, tokar ta zauna a wurin. Takin awaki da sharar gida a kwando nake kai su a ka, don jakin gidan an rabu da shi tun cikin rani. Fulanin da suka saba sauka a gonarmu su kwana biyu shanu su bar mana taki, shekarar nan zarcewa kudu suka yi da wuri, ko sallama ba su tsaya yi ba. Baba ya daɗe tsaye yana duban sawun shanun da ya ratsa gonar ya wuce.

Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, bayan magariba. Daga baya ya koma kunu, kunun ma kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana garin ɗorawa nake dama wa yara, ya bar musu baki rawaya, ciki ya kumbura ba ƙoshi. Mu manya busasshiyar tafasa ce da aka shanya tun damina, a kwaɗa ta da dusa da ɗan gishiri. Babbar 'yata ta daina wasa, sai ta zauna gindin turmi tana gwaguyar goruba da ba sauran komai a jikinta.

Duk wannan fa, ga hatsi rataye a saman kaina. Damin iri ke nan, zaɓaɓɓun zangarniya dogaye masu cikar ido, an ɗaure su a cikin jinkar ɗakin girki daidai saman murhu, don hayaƙi ya hana ƙwari shiga. Kullum a ƙarƙashinsa nake dafa ganye. Na koya wa wuyana kada ya ɗaga.

Geron gidanmu sananne ne a yankin. Duk shekara in shuka ta gabato sai ka ga mutane a zaure da 'yan kokuna, har daga Fakku, a ce Baba ya sam musu iri. Bai taɓa mayar da kowa hannu wofi ba, bai kuma taɓa roƙon kowa ko ƙwayar barkono ba. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, kuma ina ƙaunarsa kamar uban da ya haife ni. Sai dai kirkinsa na mai bayarwa ne, karɓa ce bai iya ba. A shekarar nan kowa ya san halin da ake ciki, ba wanda ya zo da koko.

Wata safiya na ji gyaran muryarsa a ƙofar ɗakin girki, abin da bai saba ba, don suruki ba ya zuwa inda surukarsa take aiki. Na ja mayafi na raɓe gefe. Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban damin.

"Zangarniya fuɗu ba su nan," ya ce. Ba ni yake kallo ba, da bango yake magana.

Kafin in buɗe baki, Inna ta amsa daga kan tabarmarta a tsakar gida.

"Ni ta. Ni niɗ ɗauka, ni nid daka, na yi ma ɗiyanga kunu. Ƙaramar yini taka yi tana tsotson nono babu komi ciki. In duka za ka yi, ga ni, ba ni iya gudu."

"Iri na fa, Hajo."

"Na sani. In sun mutu wa za shi ci maka hatsin?"

Na ɗauka faɗa zai yi. Sai na ji ya sauke ajiyar zuciya.

"Ban ga laifinki ba," ya ce. "Jiya ni kaina na tsaya nan ina dubinai, bakina na tara yawu. In yaƙ ƙara kwanaki ga jinkagga, turmi za shi ƙare. A sauko da shi. Binne za mu yi."

Binne ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Shuka ce da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Iri ya kwanta a rami yana jira, ran da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya tashi, ka riga kowa. Amma mai hankali yanki guda yake binnewa, sai kuma ya ga shamuwa ta iso iska ta juya, sauran irin kuwa ya bar shi a gida. Dalili shi ne binne yana da abokin gaba, wato ƙaramin ruwa. In aka yi yayyafin da ya jiƙa sama ya bar ƙasa a bushe, iri zai farka ya tsiro, saiwarsa ta tarar da wuta, rana ta ƙarasa shi. Wanda ya bar rabi a gida sai ya sake shuka. Wanda bai bari ba ya gama noman shekarar tun bai fara ba. Ba wanda ya fi Baba sanin wannan.

"Duka?" in ji Inna.

"Duka."

"Ko shamuwa ba ta iso ba, Malam."

"In shina ƙasa, hannun kowa ba shi kai gare shi, har nawa."

Ni na yi sussukar. Baba ya shimfiɗa buzu nesa kaɗan yana jan carbi, amma na san ba carbin kaɗai yake ƙirgawa ba. Ƙanshin geron nan da ya sha hayaƙi ya cika gidan. Ƙwayoyin da suka yi tsalle daga turmi, babbar 'yata tana bi tana tsincewa da yatsa mai yawu. Na yi kamar ban gani ba, shi ma ya yi kamar bai gani ba.

Washegari muka fita. Baba yana gaba da sungumi, wato doguwar fartanyar saran shuka, kowane taku ya sari ƙasa ƙura ta tashi. Ni ina biye da koko, in saki iri a rami in rufe da diddige. Kafin azahar diddigena ya yi bororo. Tumba, matar maƙwabcinmu a gona, ta zo wucewa da itace a ka. Ta girme ni, mace ce mai murya, in ta yi raɗa ana ji a ƙauyen gaba.

"Sannunku da aiki! Baba, binne tun yanzu?"

"Kaɗan na, ɗiyata," in ji Baba. "Gwadawa muka yi."

Ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba sai ran nan. Muka yi ta yi har kokon ƙarshe ya ƙare, na kife shi na buga gindinsa a kan rami. Da muka koma gida na shiga ɗakin girki, wuyana ya ɗaga da kansa. Igiya ce kawai take lilo.

Daga nan zama ya ƙare mana. Zabin daji da kurciyoyi suka gano abin da ke cikin gonar, sai da muka riƙa yini a can muna kora. Tururuwa kuwa ba ta koruwa, sai dai ka ga layinta ka bi da ido. Amma duk wannan wasa ne in aka kwatanta da tsoron abin da sama za ta yi. Kowa a garin ruwa yake roƙo, maza suka fita bayan gari suka yi sallar roƙon ruwa, tsofaffi suka dafa ɗan abin da ya rage suka raba wa yara sadaka. Ni kaɗai nake wata addu'a daban, ina jin kunyarta. Nakan ce, ya Allah, in za ka ba mu ka ba mu da yawa, in kaɗan ne ka riƙe abinka tukuna. In na gama in yi istigfari, don wace ce ni da zan tsara wa Ubangiji mudu.

Shamuwa ta iso, ta yi sheƙa a kan tsamiyar bakin masallaci. Iska ta juya, ta fara zuwa da ɗan danshi mai sa jiki ƙaiƙayi. Kowace la'asar gabas ta haɗe ta yi baƙi, mutane su fito ƙofar gida suna murna, ni kuwa ina ta addu'ata a ɓoye. Sai iska ta taso ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi. Muka ji an yi ruwa a Dogon Daji har an yi shuka. Aka ce an yi a wajen Fakku. Mu sai walƙiya daga nesa bayan magariba, ba ko tsawa.

Ran da abin ya zo, ina bakin rijiya ne da yamma. Hadarin bai ma kai na sauran ranakun ba. Iska ta kaɗa, ɗigo ya fara sauka manya-manya, ɗaiɗai, yana huda ƙura. Ya ɗan ƙaru har ya fara gudu a kan jinka, mata suka fara guɗa. Na tsaya da igiya a hannu ina cewa ƙara, ƙara, don Allah ƙara. Bai kai a tafasa ruwan kunu ba ya tsaya cak. Rana ta sake fitowa, ƙasa tana tururi tana wannan ƙanshin da kowa ke so.

Na bar tulun a wurin na nufi gona. Na tarar Baba ya riga ni, yana durƙushe ya tona rami ɗaya da hannu. Ya matsa don in gani. Danshi ya sauka daidai inda irin yake kwance, ya jiƙa shi sarai. Ƙasa da nan kuwa, da ya ƙara tonawa, gari ne busasshe mai ɗumi. Ya mayar da ƙasar a hankali ya daddanna.

"Wataƙila a ƙara cikin dare," na ce. Ban saba yi masa magana kai tsaye ba, bakina ne ya kuɓuce.

"Wataƙila," ya ce.

Ba a ƙara ba. Sauran mutane ba wanda ya taɓa sungumi, kowa ya san wannan ba ruwan shuka ba ne. Bayan 'yan kwanaki gonarmu ta huda. Wallahi ban taɓa ganin tsiro mai kyan wannan ba. Layi-layi, kore shar, ba ramin da ya yi fashi, ita kaɗai a tsakiyar jan fili. Masu wucewa suna tsayawa suna cewa barka, Baba ya riga kowa bana. Shi kuma yana amsawa da Allah shi sa albarka. Ni ko kallon gonar ba na son yi, don na san kallon me nake yi.

Rana ta buɗe kamar da gayya. Da farko tsiron yakan naɗe da tsakar rana, in gari ya waye ka tarar ya warware. Muka riƙa zuwa da sassafe don mu gan shi a warware mu samu na rayuwa a yinin. Har na fara ɗibar ruwa a tulu ina bin ramukan bakin hanya ina ɗiga musu da ludayi. Mata suka fara dubana a rijiya, don ruwan sha ma da ƙyar yake isa. Inna ce ta tsayar da ni.

"Ke Kulu, gulbi za ki ɗauko bisa kai? Zauna. In kin faɗi, wa za shi goyi ɗiyagga?"

Wata safiya muka je, bai warware ba. Ya koma launin toka, sannan ya yi fari kamar zaren da aka tsinka. In ka taɓa shi sai ya murmushe. Iskar yamma ta zo ta share gonar, ta koma kamar ba a taɓa sa mata hannu ba. Na yi kuka ran nan, a bayan rumbu, inda yara ba za su gan ni ba.

Mutanen gari sun jajanta mana, amma sama-sama, irin jajen wanda kaza ta mutu masa. Kowa ya ɗauka rabin irin yana gida, tunda ba mai binne duka, balle Baba. Bayan magariba ya tara mu ni da Inna.

"Maganagga ta tsaya cikin gidanga," ya ce. "Yaron na bisa hanya. In ya iso, za shi zaka da abin sayen iri."

"In ruwa ya riga shi fa?" in ji Inna. "Ka tafi wurin mutane, Malam. Ko ka bari Kulu ta aika gidansu."

"Gidan surukai? In roƙi iri gidan surukai?"

"To ƙaƙa za mu yi? Mutunci za mu tuƙa mu ci?"

Ya tashi ya shige ɗakinsa. Inna ta bi bayansa da harara, ta ce da ni tun tana amarya haka yake, in ƙaya ta soke shi a gaban mutane sai ya taka ta ya ƙarasa gida. Kullum in na ji motsi a zaure sai in ce maigidana ne. Masu cin rani suka yi ta dawowa ɗaya bayan ɗaya da ƙunshinsu, shi shiru. Wani ya ce ya gan shi, zazzaɓi ya kwantar da shi a hanya amma ya fara samun sauƙi. Yanzu kuma addu'ata ta sake juyawa, ina roƙon ruwan ya jira shi.

Bai jira ba. Wata la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin har kaji suka shiga akurki. Iska ta ɗauke, tsawa ta fara, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya cika tsakar gida, ya shigo ɗaki, muka dinga ɗage tabarmi. Har muka kwanta ana yi. Kwaɗin da ba a san inda suka ɓuya ba suka cika gari da kuka. Ruwan da na yi ta roƙo ke nan, ya zo cif yadda na tsara, ba ko ƙwaya ɗaya a gidanmu.

Gari ya waye da sanyi. Tun kafin rana ta fito nake jin mutane suna wucewa ta bayan danga, ana dariya, ana kiran yara, ƙarfen sungumi yana karo da na wani. Ranar shuka ba a jinkiri, danshin yini ɗaya ne ko biyu, wanda ya rasa shi sai ya bi bayan mutane har kaka. Ina zaune bakin murhu ban ko hura wuta ba, sai na ji gyaran muryar Baba. Yana tsaye da sungumi a kafaɗa, ɗaya hannun riƙe da kokon shuka an rufe shi da faifai.

Na ce ashe tsohon nan ya ɓoye wani abu. Na karɓa da hannu biyu, na ji nauyinsa, na ɗaga faifan. Rairayi ne, busasshen rairayin da ake shimfiɗawa a zaure.

"Mu tafi," ya ce, idonsa a ƙasa. "Gari duka na gona. Ba a ganin gidana zaune ranar shuka. In yaron ya iso mu sake bi."

Inna ta dafa bango ta miƙe. "Malam, ka ji tsoron Allah. Ƙasa za ka shuka cikin ƙasa?"

Ya juya ya fita. Ni kuma na gyara goyo na bi shi. Kada a tambaye ni dalili. An raine mu ne a kan suruki ba a musu da shi, kuma in faɗi gaskiya tausayinsa ya fi haushinsa yawa a raina a lokacin.

Ko'ina ka duba mutane ne, maza a gaba suna sara, mata da yara a baya. Ƙasa ta yi laushi, sungumi yana shiga ba ƙara. Baba ya fara sara, ni kuma in ɗebi rairayi da yatsu uku in saki a rami in rufe da diddige. Hannuna ya iya aikin, shi yake ta yi ba da ni ba. Muka kai ƙarshen layi muka juyo. Muka sake kaiwa muka juyo. Ƙasar nan mai sanyi mai daɗin takawa, wadda ko tsinke ka soka mata sai ya yi ganye, ita nake ta rufewa a kan babu. Yarinyar da ke bayana ta farka ta fara wannan kukan nata marar ƙarfi.

Layi na gaba ya kawo mu kusa da ciyawar gambar da ta raba gonarmu da ta su Tumba. Ta ɗago ta hango ni.

"Kulu! Barka da ruwa! Allah shi sa albarka ga abin da kika zubawa!"

Na buɗe baki in ce amin, ya ƙi fita. Ba zan iya cewa amin a kan rairayi ba. Na dubi bayan Baba, rigarsa ta jiƙe da gumi, ƙashin kafaɗarsa ya fito. Sai na kife kokon a ƙasa, na tsallake gambar, na je na durƙusa a gaban Tumba na miƙa mata shi wofi.

"Yaya Tumba, ki taimake mu da iri. Ba mu da ko ƙwaya."

Ta dubi kokon, ta dubi tsibin rairayin da na zubar, ta dubi Baba.

"Duka kunka binne?"

"Duka."

"Innalillahi. Kuma kunka yi shiru? Ke ma Kulu, da bakinki da komi?"

Ta karkata ƙwaryarta ta zuba mini, mijinta yana tsaye bai hana ba. Sannan ta ce nasu ko kusurwa ɗaya ba zai rufe mana ba, in tsaya. Kafin in kama zanenta in roƙe ta ta yi a hankali, ta riga ta sa hannu a baki.

"Ke A'i! Ke Ige! Ku zaka da kokunanku! Gidan Baba ba su da iri!"

Safiyar bayan ruwa murya tana tafiya. Na ga sara ya tsaya a gona bayan gona. Maza suka dogara da sungumansu suka dubi wajen Baba, sannan kowa ya yi sauri ya kawar da kai. Mata kuwa suka fara ratso gonaki suna zuwa. Ba mai yawa a hannunta, shekarar ba ta bar kowa da yawa ba. Wata tafi ɗaya, wata rabin ludayi, wata gero, wata maiwa, wata 'yar dawa, duk a koko ɗaya. Haka gonar ta fito a shekarar, wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani bai ko fid da kai ba, duk mai wucewa ya san labarinta ba sai an gaya masa ba. Amma mun ci, maigidana ma ya iso daga baya, kuma ba a fitar da gawa daga gidanmu ba. Har gobe ban yi nadamar tsallake gambar nan ba, ko da yake na san abin da na karya a jikin tsohon, don bai ƙara zama a zaure ana hira da shi ba.

Duk abin nan da ake yi, Baba bai juyo ba. Sara yake yi, shi kaɗai a cikin filin nan, har ya kai ƙarshen gona. Na koma farkon layin da na shuka rairayi, ina buɗe ramukan da yatsan ƙafa ina zuba na gaske. Na san dole layinsa ya dawo da shi ta inda nake, ban kuma san abin da zai fito daga bakinsa ba. Da ya ce in tattara in koma gidan ubana, da ban yi mamaki ba.

Ya iso daidai ni ya tsaya. Na sunkuyar da kai, ƙafafunsa kawai nake gani, laka ta kama su har idon sawu. Ya daɗe yana duban cikin kokon, ja da fari da baƙi duk a gauraye. Sannan ya dubi ramin da na zuba yanzu. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce, ta wani tsoho ce da ban sani ba.

"Rage hannu, ɗiyata," ya ce. "Hatsin mutane na."

Ya ɗaga sungumi ya ci gaba, na bi bayansa.